Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga alƙalan kotunan Shari'a da masu riƙe da rajistar filaye: gidan da aka bar wa bazawara, bashin wa ke kansa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai, alƙalanmu, tun daga na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a har zuwa wanda ke zama a ƙaramar kotun ƙauye. Ranku ya daɗe, shugabannin ma'aikatun ƙasa da safiyo na jihohin Arewa. Na haɗa ku a wasiƙa ɗaya da gangan, domin matsalar da zan kawo tana zaune ne a tsakanin teburinku biyu, kuma kowannenku in aka same shi shi kaɗai zai iya cewa ba huruminsa ba ne, ya kuma faɗi gaskiya.

Ni ba lauya ba ne. Malamin makaranta ne da ya ajiye alli, na ɗan zauna gaban malamai a zaure gwargwadon hali, kuma ni ne waliyyin ƙanwata tun rasuwar mahaifinmu. Abin da zan faɗa na doka, yawon kotu ne ya koya mini shi, ba aji ba.

Wata Laraba da hantsi ta kira ni, murya na rawa. "Yaya, wasu mutane sun zo da mota, sun liƙa takarda a ƙofa, wai za a yi gwanjon gidan." Na hau babur na je. Takardar na nan manne a jikin ƙofar ƙarfe, gam ɗin bai ko bushe ba, daidai saman inda autarta ta rubuta "ana sayar da ƙanƙara" da alli. Da Turanci aka rubuta ta. Sunan da ke kai na tsohon mijinta ne, mutumin da rabonsa da gidan shekara biyu. Maƙwabta sun tsaya cirko-cirko, kowa na kallon ƙasa. Ita kuwa ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta fito da kwafin shari'a a cikin leda, mai ɗauke da hatimin kotu, ta miƙo mini kamar mai miƙa laya. Ta ce, "Ai ga shi alƙali ya ba ni."

Alƙali ya ba ta, gaskiya ne. Shekara 19 suka yi da aure, 'ya'ya biyar. Lokacin da ginin ya tsaya a linta, ita ta sayar da kasonta na gonar gado aka yi rufi. Da aka zo ƙara ɗaki biyu, kuɗin adashinta da sarƙarta suka tafi. Da auren ya mutu ta nemi haƙƙinta, aka kai mu gaban alƙali, shi kuma, Allah ya saka masa, ya ga ya fi kyau a yi sulhu saboda yara. Mijin ya miƙe gaban jama'a ya ce, "Na bar mata gidan, ita da 'ya'yanta." Muka yi hamdala, har wasu na cewa ai mutumin kirki ne, ƙaddara ce kawai ta raba. Magatakarda ya rubuta. Aka ce ina satifiket? Ya zaro kwafin hoto daga aljihu, ya ce asalin yana wurin ajiya, zai kawo. Na sa hannu a matsayin shaida. Ban tambayi wane wurin ajiya ba ne. Laifin farko nawa ne, na faɗa tun kafin a faɗa mini.

Wurin ajiyar nan ashe banki ne. Shekara uku kafin sakin ya jinginar da gidan ya karɓi jarin shinkafa da sukari, kasuwa ta juya masa baya, ya yi shiru.

Na yi wata guda ina ganin zalunci ne tsagwaro bankin ya yi mana. Sai da wani lauya mai haƙuri ya zaunar da ni ya zana mini abin a bayan ambulan. Ya ce mutum ba ya iya kyauta da abin da ya fi wanda ya mallaka. Ranar da mijin ya ce ya bar mata gida, ba gida ne cikakke a hannunsa ba. Abin da ya rage masa shi ne damar ya biya ya fanshi gidan, da kuma ragowar kuɗi in an sayar an cire bashi. Wannan kaɗai ya miƙa mata, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ya sani. A ce gidan ya yi naira miliyan 20 a gwanjo, bashi da ruwan da ya hau kai miliyan 15, a cire ladan mai gwanjo da na lauya, abin da ya yi saura shi ne "gidan" da aka ba ta. Bashi yana bin gida duk inda ya koma, kamar yadda kaska ke bin saniya ko an canja mata turke.

Kuma ba sai banki ya je kotu neman izini ba. A yawancin jihohinmu har yau dokar Ingila ta 1881 da muka gada ce ke tafiyar da jingina irin wannan. In an yi ta da cikakkiyar takarda, lokacin biya ya wuce, aka ba da sanarwa wata uku ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a makale, mai jingina, wato wanda ya ba da bashin, na da ikon sayarwa. Sanarwar kuma wa ake aika wa? Wanda sunansa ke fayil ɗin gidan a ma'aikatar ƙasa. Shi ya riƙa karɓa yana cusawa a aljihu, ita tana can tana shafa wa bango fenti.

A nan ɗan karatun zaurena ya motsa. Na ce wa lauyan ai a mazhabarmu jingina ba ta cika sai da hauzi, wato a karɓi abin a riƙe shi a hannu. Alƙur'ani a Baƙara, aya ta 283, jingina abar karɓa a hannu ya ambata, kuma duk wanda ya karanta Risala ya san an ce jingina ba ta cika sai da hauzi, shaida a kan hauzin ma ba ta amfani sai shaidu sun gani da idonsu. To yaushe banki ya taɓa kwana a gidan nan? Ita ce a ciki. Ya yi murmushi ya ce, Malam, maganarka tana da kyau, amma ba gaban alƙalin da zai saurare ta za ka je ba. Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe wa Babbar Kotu duk wata shari'a a kan filin da ke da shaidar mallaka ta gwamna. A can kuwa riƙe satifiket da shigar da jinginar a rajista su ne hauzi. Da na koma na yi tunani, na ga ba ma sai an je can ba: manufar hauzi ita ce kowa ya san abin nan yana da mai riƙe da shi, kada a ruɗi wani. Rajista tana yin wannan aikin, shi ya sa malamai da dama na zamani suka karɓe ta a madadinsa. Sai dai tana yi ne ga wanda ya je ya duba. Mu ba mu je ba, kuma babu wanda ya ce mu je.

Ƙofa ɗaya lauyan ya gwada. Sashe na 22 na wannan doka ya ce ba a jinginar da irin wannan fili, ko sayarwa, ko miƙa shi ga wani, sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka banza ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wani gida a Legas saboda rashin wannan amincewa. Aka bincika namu, aka tarar bankin ya cika kowane sharaɗi. Sai ma takobin ya juyo kanmu, domin amincewar da ake nema wajen jingina ita ake nema wajen sauya suna, mu kuwa ba mu taɓa taka ƙafa ma'aikatar ƙasa ba. A wurin fayil, ƙanwata ba ta wanzu. (Wannan neman izinin ba baƙo ba ne a Arewa, tun dokar 1910 ta zamanin Turawa da ta 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa haka ƙasa take a hannun hukuma. Amma tambayi mutum goma a layin kotu, da wuya ka sami biyu da suka san takardar alƙali ba ta sauya suna a fayil.)

Don haka ba na roƙon ku ku fifita bazawara a kan wanda ya riga ta da jingina sahihiya. Ba zai yiwu a doka ba, kuma ba adalci ba ne a Shari'a. Wanda ya ba da dukiyarsa ya karɓi jingina shi ya fi kowa haƙƙi a kan abin da aka jinginar masa har sai an biya shi. Ko gado ba a rabawa sai an fitar da bashi. Abin da nake kuka a kai shi ne a bar mace ta yafe bashin gonarta da sarƙarta a gaban alƙali, a madadin gidan da rabinsa ko fiye na wani ne, alhali tambaya ɗaya da wasiƙa ɗaya sun isa su tona. Cinikin biri a sama aka yi mana, da hatimin kotu.

Ana wata ga wata. Muna cikin lissafin abin da zai rage bayan banki, sai ga wani ɗan kasuwa da hukuncin kotu a hannu. Shi bayan sakin ya ba mijin kaya bashi, ba jingina, ba komai, amana ce irin ta kasuwa. Da aka ƙi biyansa ya yi ƙara ya ci nasara, ya duba ya ga babu abin kamawa sai gidan nan da har yanzu ke ɗauke da sunan wanda yake bi, ya ce ragowar kuɗin nasa ne. To wannan shi ne inda abin ya fi ƙona mini rai, domin a nan ƙanwata ce ta riga. Mai hukuncin kotu ba kamar mai jingina ba ne. Dokar zartar da hukunci ta ce a fara da kayan da ake iya ɗauka, sai in ba su isa ba a nemi izinin kotu a kama gida, kuma abin da ake kamawa shi ne mallakin wanda ake bi a ranar kamun. Abin da ya riga ya fita daga hannunsa ba ya ciki. Amma sai ta tabbatar ya fita ɗin. Da me? Da jimla ɗaya da magatakarda ya rubuta.

Allah ya gafarta malamai, ku dubi jimlar nan da idon fiƙihu: "Ya bar mata gidan, ita da 'ya'yanta." Me aka yi? Kyauta ce? Biyan bashi ne? Ko kuwa izinin zama ne kawai saboda riƙon yara, wanda zai ƙare ranar da ta yi wani aure ko yaran suka girma? Bahaushe yana cewa "na bar maka" a duk ukun. Kuma kowanne da hukuncinsa, nesa da juna.

In izinin zama ne, ba ta mallaki ko bulo ɗaya ba. Mazaunin idda da Suratuɗ Ɗalaƙ ta wajabta, da muhallin yara da ke kan uba, haƙƙin zama ne, ba mallaka ba. In kyauta ce, tana buƙatar hauzi, kuma kun fi ni sanin wahalar tabbatar da hauzi ga matar da dama can a cikin gidan take. Sannan ga babbar: a mazhabar Malikiyya wanda bashi ya kewaye dukiyarsa ba shi da ikon kyauta, masu binsa na iya tayar da ita ko alƙali bai riga ya ayyana shi muflisi ba, wato wanda ya karye. Dokar boko ma ta yi tarayya a nan, domin akwai wata tsohuwar dokar Ingila ta 1571 da kotunanmu suka karɓa, wadda ke rushe duk miƙa dukiyar da aka yi don a guje wa masu bin bashi, amma ta kare wanda ya ba da wani abu a madadi da zuciya ɗaya. In kuwa biyan bashi ne, wato ta karɓi gidan a madadin kuɗin gonarta, to ita kamar mai saye ce da ta biya ta kuma shiga, kuma kotuna sun daɗe suna kare wanda ya biya ya shiga gida ko da takardunsa ba su kammala ba, sai dai a gaban wanda ya saya da gaskiya bai san da shi ba. Ƙanwata biyan bashi aka yi mata. Kowa a ɗakin ranar ya san haka. Takarda ce ba ta sani ba.

Akwai wani abu da mata da yawa ba su sani ba, mu maza kuma ba ma son a faɗa. Mace mai bin mijinta bashi, mai bin bashi ce kamar kowa. A Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, an faɗa ƙarara cewa in miji ya karye, matarsa tana shiga rabo tare da masu binsa da sadakinta da ba a biya ba da abin da ta ciyar da kanta, ban da abin da ta kashe wa yara. Tana bayan mai jingina, amma kafaɗa da kafaɗa take da ɗan kasuwa. Ranar da ta ce "na yafe" a wurin sulhu, wannan matsayin ta ajiye. In gidan ya suɓuce, ta tashi ba tsuntsu ba tarko.

Kada a ce na ga gefe ɗaya. Ɗan kasuwar nan ba azzalumi ba ne, na zauna da shi, shi ma wani ke binsa. Kuma duk wanda ya san yadda bashi ke yawo a Kantin Kwari ko Singa ya san akwai sakin da ba saki ba ne. Mutum ya ga ruwa ya kawo masa wuya, sai ya shirya da matarsa, a je kotu a yi 'yar hayaniya, a rubuta gida da mota da sunanta, masu binsa su zo su tarar da shi da tabarma da buta. In ƙura ta lafa a mayar da aure. Malamanmu na da sun san wannan dabara, shi ya sa ba su karɓi iƙirarin wanda bashi ya kewaye ba in ya yi shi ga wanda ake zargin yana son fifitawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne. Ba na son a mayar da zawarawa katangar da maƙaryata za su laɓe a bayanta. Abin lura dai shi ne binciken da zai kare mace mai gaskiya shi ne kuma zai tona sakin ƙarya. Wadda ta sayar da gona tana da mai saye, tana da shaidu, tana da shekara. Wadda aka shirya da ita ba ta da su.

To ga roƙona, kuma ba babba ba ne.

Duk ranar da gida ko fili ya shigo cikin sulhun saki ko hul'i, kada alƙalami ya taɓa takarda sai asalin satifiket yana kan tebur. Ba kwafin hoto ba, ba kuma kwafin da aka karɓo bayan rantsuwar cewa na asali ya ɓata ba, domin wannan rantsuwar ta zama hanyar da wasu ke bi alhali takardar na kwance a ma'ajiyar wanda suka ci bashinsa. Ajiye satifiket kawai a hannun mai ba da bashi, ko ba a je rajista ba, doka na iya ɗaukarsa jingina. Saboda haka rashin takardar a hannun miji shi kansa ƙararrawa ce. In ya ce tana wurin ajiya, a ɗage zama mako biyu, kotu ta rubuta wa ma'aikatar ƙasa ta tambayi abin da ke cikin fayil. Yanzu ba zamanin tonon kwali a sito ba ne a ko'ina. Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, wasu jihohin ma sun bi sahu, an zuba bayanai a kwamfuta. A kuma tambayi mijin a fili, a rubuta amsarsa: akwai wanda ke binka bashi? Ka taɓa jinginar da gidan nan? Mutum yana iya yin shiru a kan abin da ba a tambaye shi ba ya ce bai yi ƙarya ba. In an tambaye shi gaban alƙali ya musanta, wannan wata magana ce, kuma tana da hukuncinta.

Sannan a daina rubuta "ya bar mata". A rubuta sababi. In bashi aka biya, a faɗi nawa ne, daga ina ya samo asali, su wa suka shaida, a rubuta cewa an miƙa gidan a madadinsa, da ranar da mijin ya kwashe kayansa ya ba da makulli, da waɗanda suka gani. In kyauta ce a kira ta kyauta, a kuma gaya wa matar rauninta tun a wurin. A ƙara layi ɗaya: yafewar da ta yi tana rataye da kuɓutar gidan, in ya fita daga hannunta saboda bashin da ya gabata, haƙƙinta ya dawo. Wannan layin kaɗai da ya canja mana komai. Ina ganin shugabannin kotunanmu na iya fitar da takarda mai gurabe da kowane magatakarda zai riƙa cikewa, ba sai an jira majalisa ba.

Ku kuma na ma'aikatar ƙasa, ranku ya daɗe, naku ya fi sauƙi kuma ya fi muhimmanci. Dokokin rajistarmu, waɗanda suka samo tushe daga ta 1924, suna jera masu haƙƙi ne bisa ranar shiga rajista. Wanda ya riga shiga ya riga. Amma matar da ta fito daga gidan miji da yara biyar da buhun kaya ba ta da kuɗin neman amincewar gwamna, da harajin hatimi, da kuɗin rajista, da na wanda zai bi mata takarda daga ofis zuwa ofis. Kafin ta tara, shekaru sun wuce, kuma duk tsawon lokacin gidan na amsa sunan wani. Ku buɗe ƙaramar taga: kotu ta aiko muku da kwafin hukunci kai tsaye cikin mako guda, ku sa alamar gargaɗi a fayil ranar da ya iso, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Ba sauya suna ba ne tukuna, sanarwa ce cewa akwai mai magana a kan gidan nan. Duk bankin da ya zo bincike gobe zai gani, duk mai hukuncin da ya zo kamu zai gani, ba wanda zai ce bai sani ba. Sauya sunan kuma a yi masa rangwame, domin ba ciniki aka yi don riba ba. In akwai buƙatar gyaran doka, rajistar filaye hurumin jiha ce, majalisunmu na iya yi.

Matan da suka yi auren rajista suna da sashe na 72 na dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma Babbar Kotu ce ke raba auren, ita ke hukunci a kan dukiyar, ita ce kuma mai hurumi a kan filin. Namu matan aurensu na kotu ɗaya, gidansu na wata. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a aure da saki da kyauta da waƙafi da wasiyya da gado, bai ba ta rikicin mallakar fili ba. Ban ce a sauya wannan ba, ba ni da wannan ƙarfin. Na ce dai tunda kotu biyu ne, a sami masinja a tsakani.

In bincike ya nuna gidan na da jingina fa? Ba shi ke nan an fasa sulhu ba. A gaya mata, ta zaɓa da idonta a buɗe. Ko a nemi wata kadarar, ko a ɗora wa mijin fansar gidan zuwa wani wa'adi, ko ta karɓa da saninta a sanar da bankin a rubuce cewa duk wata sanarwa a aiko mata, ragowar kuɗi kuma nata ne. Da mun sani tun shekara biyu da suka wuce, lokacin da ruwan bai taru ba, da dangi sun haɗa hannu, da wataƙila mun fanshe shi.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi yawa ma: gida ya zauna a hannun miji, a ce ya riƙa biyan matar kuɗinta kaɗan-kaɗan. Ya biya sau biyu ya daina, ya jinginar da gidan, ta koma bin inuwa. Me zai hana kotu ta sa gidan ya zama jinginar bashinta tun ranar, a shigar a fayil? A Amurka an yi irin wannan. Wata kotu a jihar Wiskonsin ta bar wa miji gida, ta ɗora masa biyan matar kusan dala 30,000, ta kuma rataya bashin a kan gidan. Bai biya ba, ya je ya ayyana karyewar arziki don ya kakkaɓe ta. A 1991, a shari'ar Farrey da Sanderfoot, Kotun Ƙolin ƙasar ta ce bai isa ba, domin bai taɓa mallakar gidan shi kaɗai ba face da wannan ɗaurin a jikinsa. Ba sai mun ara daga wurinsu ba. Jingina a kan bashi tabbatacce tana cikin littattafanmu tun kafin a san da Amurka, amfani da ita ne ba ma yi wa mata.

Gidajen da ba su da satifiket, waɗanda su ne mafi yawa a tsofaffin unguwanni da ƙauyuka, su ba fayil za a duba ba. Takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa, ita ma takan kwana a akwatin wanda ya ba da bashi. A nan sai a kira mai unguwa da maƙwabcin dama da na hagu. Su suka san wanda ke zuwa karɓar kuɗin haya, da wanda ke noma gonar bana. Haka ofisoshin Hisba da zaurukan hakimai, inda ake kashe rigimar aure da yawa ba tare da an je kotu ba, su ma saƙon nan nasu ne.

An yi gwanjon gidan. Banki ya cire nasa, ragowar tana ajiye a kotu har a raba gardama tsakanin ƙanwata da ɗan kasuwar. Ita da yaran suna ɗaki biyu na bayan gidana, firjin ƙanƙarar na zaure. An sa mana rana bayan hutun kotu, kuma ni za a fara kira shaida. Na nemo wanda ya sayi gonar, ya tsufa amma ya ce zai zo, na kuma samo uwar adashin. Lauyanmu ya ce in shirya, tambayar farko da ɗaya ɓangaren zai yi mini ita ce ko na ga asalin satifiket ranar da na sa hannu. Zan ce ban gani ba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani waliyyi, tsohon malamin makaranta.